Tukunyar lantarki da buhun tata: yadda wata mai kunu a Zariya ta kai ga dafa lita 50 na ruwan malt

Asalin lamarin

Wata mata ce a Zariya, mai sana'ar kunun zaƙi da zoɓo, tana kai wa shaguna da gidajen biki. Daga baya ta ƙara da ruwan malt na tsiron dawa: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya ta, a ɓarza, a jiƙa ɓarzajjen a ruwan zafi har sitacin cikinsa ya koma sukari, a tace, a tafasa. A nan ake tsayawa. Ba a sa yis, ba a bari ya kwana ya tashi, domin abin sha ne mai zaƙi ake nufi, ba giya ba.

A murhun itace lita 15 take yi, kuma yau ya yi zaƙi, gobe ya fito salam. Dalili kuwa, sinadaran cikin tsiro da ke narkar da sitaci suna da iyakar zafin da suke aiki a ciki, wajen digiri 60 zuwa 72. Idan ya yi ƙasa sai su yi sanyin jiki, idan ya haura sai su mutu, kuma ba sa farfaɗowa. Itace ba ya riƙe digiri 65 na awa guda. Da masu shaguna suka fara neman lita 50 a dahuwa ɗaya kafin azumi, sai ta nemi ƙanenta, mai gyaran wutar lantarki, su samo mafita.

Dabarar da suka ɗauko ta samo asali ne daga masu dafa giya a gida a Ostareliya, inda ta yaɗu a tsakiyar shekarun 2000. Maimakon tukwane uku da suka saba haɗawa, sai a yi komai a tukunya ɗaya: a shimfiɗa babban buhun yadi a ciki, a zuba hatsin a buhun, idan jiƙon ya kammala a ɗage buhun, ruwan ya rage a tukunya a tafasa shi. Duk wadda ta taɓa tace ƙullu da ƙyalle ta san wannan aiki. Ga dawa ma dabarar ta fi dacewa, domin sha'ir yana da ƙaiƙayin da ke zama masa matata idan an jiƙa shi, ita kuwa dawa ba ta da shi, sai ta cushe ta hana ruwa wucewa.

Nuwamba 2023: hitar bokiti

Gwajin farko da kayan da ke hannu aka yi shi: tukunyar dalma ta biki, hitar bokiti guda biyu masu wat 2,000 kowace, da buhun da aka ɗinka da ƙyallen tata. An jona hitocin biyu a wayar ƙari ɗaya.

Wat 4,000 a kan bolt 230 yana jan amfiya 17 da ɗoriya, alhali filogi da soket na bango mai ƙafa uku amfiya 13 aka yi su ɗauka. Kafin ruwan ya kai digiri 60 robar soket ɗin ta narke. Aka raba hitocin a soket biyu aka ci gaba, sai matsala ta biyu ta fito: ƙarfen hitar bokiti gajere ne, duk zafin a ɗan wuri yake taruwa. Garin da ya ratsa buhu ya manne masa ya yi ƙanzo, buhun ya taɓa shi ya huje, ƙauri ya kama ruwan gaba ɗaya. Ƙaurin da ya shiga ruwan malt ba ya fita, ko da citta ko da kanumfari. A yayin juyawa kuma matar ta ji wuta ta ɗan ja ta a hannu. Da ƙanen ya duba, sai ya tarar gidan ba shi da wayar ƙasa ko kaɗan, wato wayar da ke kai wutar da ta tsiyaya cikin ƙasa. An zubar da dahuwar, kilo 12 na tsiro, aikin kwana takwas.

Disamba: an haɗa tukunya don aikin

Suka sayi tukunyar ƙarfen da ba ya tsatsa, irin wanda 'yan kasuwa ke kira silba, mai cin lita 100, faɗinta santimita 50. A wannan faɗin kowace santimita ta tsawo lita biyu ce, saboda haka aka zana ma'auni a jikin muciya. Girman bai yi yawa ba: lita 50 da ake so, da lita 5 da tafasa za ta ci, da lita 8 da dusa za ta tafi da su, da lita 3 na laka a gindi, sun kama lita 66. Tsiron kansa, kilo 12, yana cin wajen lita 8, ga kumfar tafasa tana neman wuri.

Mai walda ya huda tukunyar wuri uku kusa da gindi: na hita, na bawul ɗin fitar da ruwa, da na ma'aunin zafi. Hitar da aka sa mai wat 5,500 ce a bolt 240, doguwa mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, irin wadda ake yi don zafin ya bazu a jiki mai yawa. Tsawon nan shi ne maganin ƙanzo. An rufe kanta na waje da akwatin ƙarfe don kada ruwa ya taɓa mahaɗin waya. A samanta aka ɗora faifan ƙarfe mai huji-huji a kan ƙafafu, tsawon santimita 6, don buhu ya zauna a kai bai taɓa hita ba.

Ɓangaren wuta shi ya fi cin kuɗi. Hitar tana jan amfiya 22 a bolt 230, don haka aka ja mata layinta ita kaɗai daga allon rarraba wuta, da waya mai kaurin 6mm² da bireka mai amfiya 32, babu filogi a tsakani. An sa na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara tsiyaya ta jikin tukunya ko ta jikin mutum. An kafa sandar ƙasa a wuri mai laima, aka ɗaure wayarta a jikin tukunyar da kusoshi. Bireka waya take karewa daga gobara, RCD ce ke kare mutum, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya. Zafin kuma na'urar PID ke kula da shi: tana karanta ma'aunin PT100 da ke cikin ruwa, tana kunna hita tana kashewa ta hanyar makunnin SSR mai amfiya 40.

Buhun da yadin labule na foliyesta aka ɗinka shi, mai ƙananan idanu, ɗinki biyu-biyu, da ɗamara huɗu da suka ratsa ta ƙarƙashinsa suka haɗu a sama. An yi shi ya fi tukunyar faɗi kaɗan, yadda za a naɗe bakinsa a kan bakinta. Tsiro kilo 12 idan ya sha ruwa, da ruwan da ke biyo shi lokacin ɗagawa, yana haura kilo 30, ga shi da zafin digiri 70. Ba abin ɗagawa da hannu ba ne. Aka kafa ƙarfe a saman rumfa aka rataya sarƙar ɗaga inji irin ta makanikai.

A gwajin ruwa zalla, lita 66 suka tashi daga digiri 25 zuwa 65 cikin minti 45 da safe. Da aka maimaita bayan magariba sai aka shafe sama da awa. Mita ta nuna bolt 190. Ƙarfin hita ba daidai da bolt yake sauka ba, ya fi shi saurin faɗuwa: hitar da ke ba da kilowat 5 a bolt 230, kilowat 3.4 kawai take bayarwa a bolt 190. Aka mayar da dahuwa bayan asuba, aka kuma naɗe tukunyar da bargo mai kauri daga sama da mahaɗin hita.

Janairu 2024: zafi ya tsaya, zaƙi bai zo ba

Dahuwar farko a sabuwar tukunya an bi tsarin da masu sha'ir ke bi: a zuba tsiro a dukan ruwan, a riƙe digiri 66 na awa ɗaya, a ɗage buhu. PID ta riƙe zafin bai kauce da fiye da digiri ɗaya ba. Amma ma'aunin sukari ya nuna Brix 6, alhali 12 ake nema. Aka ɗiga aidin a kan ɗan ruwan a farin faranti, ya koma baƙi-shuɗi, alamar sitaci na nan bai narke ba. A dahuwa ta biyu aka ƙara lokaci zuwa awa biyu, aka samu Brix 7. A ta uku aka ce wa mai inji ya niƙa da laushi maimakon ɓarza, aka kuma sa ƙaramin injin tura ruwa yana ɗebowa daga bawul yana zubawa a saman buhu. Garin ya toshe idanun yadin, injin ya zuƙe ruwan da ke ƙarƙashin faifai, hita ta fito fili ta fara ƙauri. An kashe da sauri, hitar ta tsira.

Matsalar a jikin dawa take, kuma sananniya ce. Sitaci ba ya narkuwa sai ya fara kumbura ya dahu. Na sha'ir yana yin haka a wajen digiri 60 zuwa 65, daidai inda sinadaran ke aiki, shi ya sa zafi ɗaya ya ishe shi. Na dawa kuwa sai daga wajen digiri 68 zuwa 80. Wato a zafin da sinadaran ke raye sitacin bai buɗe ba, a zafin da sitacin ya buɗe sinadaran sun mutu. Ƙari a kan haka, tsiron dawa yana da ƙarancin sinadarin beta-amilas, wanda shi ne ke samar da yawancin sukarin malt, kuma shi ne ya fi saurin mutuwa da zafi. Manyan kamfanonin giya da malt na Najeriya sun ci karo da wannan bayan da gwamnati ta hana shigo da malt ɗin sha'ir a 1988, suka koma wa dawa, ciki har da irin SK5912, gajeriyar kaura da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Su suna sayen sinadaran da ke jure zafi su zuba. Mai lita 50 ba ta da wannan hanyar a kusa.

Suka kuma duba tsiron kansa. Da ma kwana uku take barinsa, kuma sanyin daren hunturu yana rage masa sauri. Aka koma jiƙa farfara awa 24 ana sauya ruwa, a shimfiɗa a ɗaki a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu kwana biyar ana yayyafi ana juyawa safe da yamma, sannan a shanya a iska, ba a kan kwano mai zafi ba, domin zafin da ya wuce digiri 50 yana kashe sinadaran tun hatsin na da danshi. Bayan ya bushe ana murje saiwa da tohon a sheƙe su sarai. Wannan ba don ɗanɗano kaɗai ba ne: tohon dawa yana ɗauke da sinadarin da ke sakin guba mai suna sayanayid, irin wadda ke kashe dabbar da ta ci ɗanyen tohon dawa a gona.

Fabrairu: raba ruwa biyu

Mafitar ita ce a raba sinadaran da sitacin, a dafa sitacin shi kaɗai, sannan a sake haɗa su. Masu dafa hatsi na gargajiya a Afirka ta Yamma sun daɗe suna yin haka da dawa. Ga yadda aka tsara shi a wannan tukunyar.

Ana zuba lita 46, a kai su digiri 48, a zuba ɓarzajjen tsiro kilo 12 a hankali ana juyawa don kada ya yi gudaji. Zafin zai sauka wajen 46. A bar shi minti 30, a kashe hita, a bari ya kwanta. Sinadaran sun riga sun fito cikin ruwa, sai a buɗe bawul a ɗebi lita 18 a bokiti mai murfi a ajiye gefe. A ƙara lita 12 na sabon ruwa a tukunya, a fara hawa zuwa digiri 85.

Wannan hawan shi ne wuri mafi wuya a duk aikin. Daga digiri 70 hatsin yana fara kauri kamar talge, sitacin da ya dahu yana ratsa buhu ya sauka kan hita. Karon farko da aka hau da cikakken ƙarfi, hitar ta yi ƙanzo duk da tsawonta. Sai aka taƙaita PID a kan rabin ƙarfi, aka tsaya minti 15 a digiri 74 don ragowar sinadarin alfa-amilas da ke cikin hatsin ya tsinka kaurin, ana juyawa da muciya ba tsayawa. Injin tura ruwa kuma aka sa masa bawul a bakin fita aka rage shi sosai, aka mayar da bututunsa gefen buhu, yana kewaya ruwan ƙarƙashin faifai kawai. Hawan yana cin awa ɗaya da wani abu. A digiri 85 a riƙe minti 20.

Daga nan a kashe hita, a zuba lita 8 na ruwan sanyi, zafin ya sauko wajen 76, a buɗe murfi ana juyawa har ya kai 72. Sannan a juye lita 18 ɗin nan da sauri ana juyawa. Lissafin yana sauka a digiri 64. Cikin minti biyar talgen yana tsinkewa ya koma ruwa. A riƙe 65 na awa ɗaya, a hau 72 na minti 15, a ɗage buhu da sarƙa a bar shi ya tsiyaye, a matse shi tsakanin murafu biyu. Aidin bai sauya launi ba. Bayan tafasar awa ɗaya, wadda a Zariya take farawa a wajen digiri 98 saboda tudu, aka samu lita 50 a Brix 12. Dusar ta tafi wurin awaki.

A cikin watan nan aka yi asara biyu ta ɓangaren wuta. Wata rana aka ɗauke wuta ana dab da gama tafasa, aka juye ruwan a wata tukunya aka ƙarasa a gas, ba wanda ya tuna da makunni. Da aka dawo da wuta hitar ta kama a busasshiyar tukunya, ta ƙone cikin ɗan lokaci. Ƙanen ya sayi wata, ya kuma ƙara kontakta, wato babban makunnin lantarki, mai maɓallin kunnawa da na kashewa, irin haɗin da idan wuta ta ɗauke yake saki, kuma ba ya kamawa sai an sake danna shi da hannu. Ta biyun kuwa, SSR ce ta mutu ana tsakiyar jiƙo, zafin ya yi ta hawa alhali PID na cewa a kashe. Haka SSR ke mutuwa, a kunne. A amfiya 22 tana fitar da zafin da ya kai wat 25 zuwa 30, ga ta a rufaffen akwatin roba. Aka sake ta, aka ɗora a kan babban ƙarfen shan zafi da man shafawarsa, aka fito da haƙarƙarin ƙarfen waje, aka sa ƙaramar fanka. Aka kuma haɗa ƙararrawar PID da kontakta, yadda idan zafi ya wuce abin da aka sa da digiri 5 za ta yanke wutar gaba ɗaya.

Maris: azumi da kumburin robobi

Da azumi ya kama, dahuwa ta zama sau uku a mako. Ana sanyaya ruwan da naɗaɗɗen bututun jan ƙarfe mai tsawon mita 15, ana ratsa ruwan rijiyar burtsatse ta cikinsa, sannan a ɗura a robobi. Ruwan rijiyar kansa digiri 28 ne a bazara, don haka ba a sauka ƙasa da 32. A kwana na biyu wani mai shago ya dawo da robobi sun kumbura, ruwan ya yi tsami yana kumfa.

Ruwan malt da ba a sa masa komai ba abinci ne ga yis da ƙwayoyin cuta da ke cikin iska da jikin tsohuwar roba, kuma digiri 32 shi ne zafin da suka fi so. Kumburin nan alamar ya fara tashi ne, wato ya kama hanyar zama abin da matar ba ta sayarwa kuma masu sayenta ba sa sha. Akwai haɗari na biyu da ba ya nuna kansa da kumfa: tsamin ruwan a ma'aunin pH wajen 5.4 yake, kuma duk abin sha da ya haura 4.6, idan aka rufe shi aka ajiye ba sanyi, ƙwayar da ke haddasa gubar botulizim na iya girma a ciki, tafasa kuma ba ta kashe ƙwayayenta.

Aka janye kayan. Aka sayi ma'aunin pH, ana zuba tataccen ruwan tsamiya a minti goman ƙarshe na tafasa har ya sauko 4.2. Ba a zuba shi tun a jiƙo, domin tsami irin wannan yana hana sinadaran aiki. Aka ajiye bututun jan ƙarfe, aka koma kwalaben gilashi masu murfin ƙarfe: a wanke, a ɗumama su a ruwan zafi don kada su fashe, a ɗura ruwan yana sama da digiri 85, a buga murfi nan take. Lita 50 na cika kwalba 150 masu santilita 33. Sai a wanke tukunyar, a jera kwalabe 50 a kan faifan nan, a rufe su da ruwan zafi, PID ta riƙe digiri 78 na minti 20, zubi uku. Bayan sun huce sai firji. Daga nan har sallah ba a dawo da kwalba ko ɗaya ba.

Afrilu: lissafi da hukunci

Mitar gidan ta nuna dahuwa ɗaya na cin yunit 12, dafa kwalabe kuma yunit 5. Ko da an yi lissafi da farashi mafi tsada, naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawan awanni, a Afrilun 2024, kuɗin wutar bai kai naira 4,000 ba, wato wajen naira 25 a kowace kwalba. Aikin yana cin awa bakwai zuwa takwas.

Tukunyar ta yi abin da aka haɗa ta dominsa, amma abu ɗaya kawai ta magance: riƙe zafi. Dahuwa ukun da aka ɓata a Janairu ba laifin waya ko PID ba ne. An ɗauko tsarin da aka yi don sha'ir aka ɗora wa dawa, kuma da an ɗiga aidin a kan gwajin kilo ɗaya tun kafin a sayi tukunya, da an gane haka da asarar kwano guda. Gwajin hitar bokiti kuwa bai kamata a yi shi ba sam, domin ruwa lita 66 a tukunyar ƙarfe, ba wayar ƙasa ba RCD, rai ake sakawa a ciki. Kontakta mai sakin kanta ya kamata ta shiga tun ranar farko a duk inda ake ɗauke wuta ba sanarwa. Bututun jan ƙarfe kuɗi ne da aka kashe a banza, injin tura ruwa kuma amfaninsa kaɗan ne in aka kwatanta da muciya.

Abubuwa biyu suka rage ba a warware ba. Idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar hawa zuwa digiri 85, babu madadin da ya wuce a ɗora tukunyar a kan babban murhun gas, domin janaretan da zai ɗauki hitar sai ya kai kVA 7.5, na gidan kuma bai kai rabin haka ba. Sannan abin sha da aka rufe a kwalba don sayarwa a shaguna yana buƙatar rajistar NAFDAC, da gwajin ɗakin bincike da zai tabbatar da kwanakin da zai iya yi a ajiye. Har a samu wannan, kwalaben a firji suke zama, kuma ba a barin su su wuce mako guda a shago.